Wane kwaɗo za mu rataya wa littafin bashin Alhaji?

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni ma yana cikina, kuma ba ni jin kunyar faɗi a wannan shafi, tunda rabin masu karanta shi ma'aikata ne irina masu jiran ƙarshen wata, sauran rabin kuwa ƴan kasuwa ne masu jiran mu. Akwai wani Alhaji a Maraɗi, babban mai sayar da shinkafa da sukari da mai, wanda sunana ya daɗe cikin littafinsa. Littafin mai baƙin bango ne irin na rajista, yana kwana cikin akwatin ƙarfe, mabuɗin kuwa yana aljihun Alhaji. A cikinsa akwai malaman lakol, da ma'aikatan duwan, da malaman asibiti, da matan aure da suka ɗauki buhu ba da sanin maigida ba, har da wasu manya waɗanda in kun gan su cikin babbar riga ranar Juma'a ba za ku ce ana bin su ko dala ba. Abin da ya tara mu duka wurin Alhaji ba araha ba ce, rufin asiri ne.

To, a ƙarshen shekarar 2024 Alhaji ya buɗe kanti na biyu a Damagaram, ƴaƴansa suka matsa mashi a kan a maida littafin cikin kwamfuta, wadda mu a nan muka fi sani da ordinatar, don wanda ya ci bashi a can a san da shi a nan. Aka ba ƙanena aikin, shi da ya yi karatun sarrafa kwamfuta a Yamai. Wata rana bayan isha'i ya same ni da fara'a ya ce: «Yaya, kwantar da hankalinka, sunanka ba zai fita ba. Na ƙirƙiro wani rubutun asiri nawa na kaina, duk duniya ba wanda ya san yadda ya ke sai ni.» Ya miƙo mani takarda cike da alamomi, ya ce in na isa in karanta.

Ni dai ba masanin lissafi ba ne; a lise ɓangaren adabi na bi, malamin lissafinmu kuma ya san dalili. Amma na zauna da takardar da fensir. Abu na farko da na lura, wata alama guda ta fi sauran yawa nesa ba kusa ba, kuma duk mai rubuta Hausa ya san ba harafin da ya kai «a» yawa a harshenmu. Na biyu, layuka da dama sun fara da wata kalma mai alama biyar, ta farko da ta ƙarshe iri ɗaya, ta biyu da ta huɗu kuma su ne waccan mai yawa. Wace kalma ce wannan in ba «Malam» ba? Daga nan «Alhaji» da «Hajiya» suka bayyana da kansu. Kafin shayi ya huce na karanta sunan wani maƙwabcinmu da yawan jikkunan da ake bin shi, abin da har yau na ke da-na-sanin gani, don tun daga ranar gaisuwarmu ta canza a zuciyata, shi ko bai san kome ba.

Ba wata gwaninta na yi ba. Dabarar ƙirga haruffa ta girmi kakannin kakanninmu: Al-Kindi, masanin nan na Bagadaza, ya rubuta ta tun ƙarni na 9. Ƙanena ya yi shiru, ransa ya ɓaci, amma ya fi kyau ya ɓaci a ɗakina da ya ɓaci a gaban Alhaji. Na gaya mashi abin da aka koya mani a wani horon ƴan jarida kan kare majiyoyin labari: doka ta farko a wannan fanni ita ce kada mutum ya ƙera kwaɗonsa da kansa. Kowa na iya ƙirƙiro asirin da shi kansa ba ya iya warwarewa, sai dai hakan ba ya nuna kome face iyakar wayonsa.

Mai rubuta lojisiyal, wato manhajar da ke sa kwamfuta aiki, ba ya fara kome daga tushe, kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa. Akwai rumbuna na dabarun kulle bayani waɗanda masana suka riga suka rubuta, ya ɗauko ya haɗa da nasa aikin. Da yawa cikinsu buɗaɗɗu ne: an baje rubutun cikinsu a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya yi aiki da shi ba tare da ya biya ko tamma ba. A nan ne Alhaji ya tsaya, ranar da muka je yi mashi bayani. Ya dube ni ya ce: «Malam ɗan jarida, ashe kai ma ka yarda da wannan? Kwaɗon da kowane ɓarawo ya ga cikinsa, kuma kyauta aka ba ka shi, shi za ka rataya wa dukiyata? Ku nemo mani na kuɗi, na Turawa, wanda ba wanda ya san sirrinsa.»

Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma an amsa ta tun 1883. A shekarar ne Auguste Kerckhoffs, haifaffen Holan mai koyar da harsuna a Paris, ya wallafa wani nazari a kan rubutun asirin soja, inda ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: tsarin ya kasance ko ya faɗa hannun abokin gaba ba abin da zai lalace, muddin mabuɗin na ɓoye. Dalili kuwa a fili ya ke. Mabuɗi in ya ɓace ana sake wani cikin minti guda. Tsari kuwa in ya tonu, sai a rushe gini duka. Kuma tsari ba ya ɓoyuwa har abada, tunda yaran kanti na canzawa, kwamfuta na lalacewa a kai ta wurin mai gyara, wani lokaci ma a sace ta.

Game da na kuɗi na Turawa kuwa, na ba Alhaji labarin wani kamfanin ƙasar Suwis mai suna Crypto AG. Shekaru da dama yana sayar wa gwamnatocin ƙasashe sama da 120 injunan kulle saƙonni, ana biya da tsada, ana ganin ai Suwis ba ta ɓangaren kowa. Sai a watan Fabrairu na 2020 jaridar Washington Post da talabijin ZDF ta Jamus suka tona cewa tun 1970 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da takwararta ta Jamus ta Yamma ne suka saye kamfanin a ɓoye, suna raunana injunan yadda za su riƙa karanta saƙonnin masu saye. Alhaji ya yi salati ya ce wannan ai cinikin biri a sama ne. Na ce, ranka ya daɗe, haka duk kwaɗon da aka hana ka duba cikinsa ya ke.

Samun waɗannan kayan a hannun talaka ma sai da aka sha daga. Da Phil Zimmermann ya saki PGP a 1991, gwamnatin Amurka ta shafe kusan shekara 3 tana bincikensa, don a lokacin dokarta na lissafa kulli mai ƙarfi cikin kayan yaƙi. Sai a 1996 aka rufe binciken ba a gurfanar da shi ba. Faransa ma ta daɗe tana taƙaita abin, ba ta sassauta ba sai 1999, ta kuma sakar wa kowa amfani da shi a 2004.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka cewa da an ce abu buɗaɗɗe ne shi ke nan an tsira. Nan ne ni kaina na yi dogon tunani, domin a da haka na ɗauka. Rumbun da ƙanena ya fara ambata shi ne OpenSSL, wanda ya fi kowane suna. An kafa shi a 1998, kuma yawancin lokacin da kuka ga hoton ɗan kwaɗo a gefen adireshin intanet, akwai yiwuwar shi ke aiki a ɗaya ɓangaren. To, ranar 7 ga Afrilu 2014 aka sanar da wata ɓaraka a cikinsa da aka laƙaba wa suna Heartbleed. Yadda ta ke aiki abin dariya ne da ban tsoro. Kwamfuta kan aika wa ƴar'uwarta ƴar kalma ta ce maido mani ita in san kina nan, ta kuma faɗi tsawon kalmar. An manta a sa mai karɓa ta auna ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne. Sai ɓarawo ya aika kalma mai harafi uku ya ce tsawonta dubbai ne, ita kuwa ta maido mashi kalmar ta cika sauran da duk abin da ke kusa cikin ƙwaƙwalwarta, har kilobait 64 a kowace tambaya: kalmomin sirrin mutane, wasiƙu, wani lokaci har babban mabuɗin gidan. Kamar yaron kanti ne da aka ce ya miƙo rasit guda sai ya haɗo da shafukan littafin bashi. An ƙiyasta cewa kusan rabin miliyan na gidajen intanet abin ya shafa, kuma hukumar harajin Kanada ta sanar cewa an kwashe mata lambobin shaidar mutane kusan 900.

Abin da ya fi taɓa ni ba kuskuren ba ne, ɗan Adam ajizi ne. Kuskuren ya shiga a daren ƙarshe na 2011, ya fita duniya a Maris 2012, ya zauna shekara 2 a fili, kowa na iya gani, ba wanda ya duba. Da aka bincika sai aka tarar wannan rumbu da bankuna da manyan kamfanoni ke dogaro da shi, gudummawar da ake aiko mashi ba ta wuce dalar Amurka 2,000 a shekara ba, kuma mutum guda ne kacal ke aikinsa cikakken lokaci. Mu da muka san rijiyar unguwa mun san wannan ciwo: kowa na ɗiba, ba mai yasa. Bayan abin kunyar ne manyan kamfanoni suka fara zuba kuɗi, mutanen OpenBSD suka ɓalle da nasu reshe mai suna LibreSSL suka zubar da tarin tsohon rubutu, Google ma ya yi nasa mai suna BoringSSL. OpenSSL ɗin ya gyaru ƙwarai tun daga lokacin, kada in zalunce shi.

Akwai wasu labarai biyu da na ƙara wa ƙanena. A 2006 wani mai kula da tsarin Debian ya goge ƴan layuka cikin OpenSSL da kyakkyawar niyya, don wata na'urar bincike na ƙorafi a kansu. Ashe layukan su ne ke kawo yamutsin da ke sa kowane mabuɗi ya bambanta da ɗan'uwansa. Har zuwa Mayu 2008 da Luciano Bello ya gano, mabuɗan kowane iri da ake ƙerawa a waɗannan kwamfutoci ba su kai 33,000 ba, adadin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya kafin ya gama karin kumallo. Na biyun ya fi muni, don da gangan ne. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara 2 yana taimaka wa mai kula da xz, wani ɗan lojisiyal na matse bayanai, har aka yarda da shi aka ba shi ragama, sannan ya dasa ƙofar baya wadda za ta buɗe mashi kwamfutoci ta hanyar OpenSSH. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shigarsa wata kwamfuta ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin kafin ya bazu. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai a lura, buɗewar ce ta ba shi damar bin sawun. Masu sayen injunan Suwis sun yi shekara 50 ba su da wannan dama.

Saboda haka muka daina tambayar wanne ya fi suna, muka koma tambayar da ɗan kasuwa ke yi kafin ya ba baƙo kaya: su wa ke bayansa, mutum nawa ne, yaushe rabon a gan su, wa ya taɓa bincikar su, in an sami aibi cikin kwana nawa su ke gyarawa? Ni kuma na ƙara tawa tambayar, wadda na ke ganin ta fi duka: in ƙanena ya yi kuskure, kuma zai yi, rumbun zai tare shi ko zai bar shi ya faɗa? A nan OpenSSL ya faɗi jarrabawa a wurinmu. Babbar kasuwa ce mai ɗaruruwan rumfuna, sabo da tsoho, mai kyau da wanda aka ajiye don tsofaffin injuna kawai. Gwani zai shiga ya fito da abin kirki. Ɗan koyo kuwa zai iya ɗauko AES, wanda ƴan Beljiyam biyu Joan Daemen da Vincent Rijmen suka ƙirƙiro, Amurka ta maida shi ma'auni a 2001, kuma har yau ba a karya shi ba, amma ya haɗa shi ta gurguwar hanya yadda ƙarfinsa ba zai amfane shi da kome ba. Ƙofar ƙarfe ce a jikin danga. Muka bar OpenSSL ga aikin da ya fi iyawa, wato tsaron hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, a yadda ya zo cikin tsarin kwamfutar, da sharaɗin ƙanena ba zai taɓa cikinsa ba sai dai ya riƙa sabunta shi.

Don kulle littafin kansa muka zaɓi libsodium. Asalinsa wani rumbu ne mai suna NaCl na Daniel Bernstein da Tanja Lange da Peter Schwabe. A 2013 wani Bafaranshe, Frank Denis, ya sake shirya shi yadda zai hau kowace irin na'ura cikin sauƙi. Hikimarsa ita ce rowar zaɓi. Ba ya shimfiɗa maka hanya hamsin. Ka ce kulle mani wannan, ya kulle ta hanyar da masana suka riga suka tace, ya kuma buga hatimi yadda in wani ya canza ko lamba guda, a ce ya maida jikka 50 ta koma 5, akwatin zai ƙi buɗewa. Wannan ya burge Alhaji fiye da ɓoyewar kanta, don ya ce tsoronsa ga mai gogewa ya fi tsoronsa ga mai leƙe. Kalmar sirri kuwa rumbun na bi da ita ta Argon2, wanda ya ci gasar masana a 2015, aikinsa shi ne ya sa kowane gwaji ya ci lokaci da ƙwaƙwalwa har mai cinke ya gaji. Kuma dabarunsa na gudu da sauri ko a tsohuwar kwamfuta irin ta gwanjo da ke kantin Damagaram. Lasisinsa ma mai sauƙi ne, bai hana ƙanena sayar da aikinsa ga wani ɗan kasuwa gobe ba. Wannan abu ne da ya kamata duk mai rubuta lojisiyal ya karanta tun farko, domin wasu lasisin, irin GPL, na wajabta wa wanda ya rarraba aikin da ya gina a kansu ya buɗe nasa rubutun shi ma.

Na so a ce GnuPG muka ɗauka don ajiyar kwafi, saboda sabo: da shi na ke kulle wasiƙun aikina, kuma ina girmama Werner Koch, Bajamushen da ya fara shi a 1997 ya riƙe shi kusan shi kaɗai, har a 2015 aka ji kuɗi sun ƙare mashi kafin jama'a su kawo ɗauki. Amma na tuna wahalar da na sha kafin in iya shi, na kuma tuna ranar da na aika wa wani abokin aiki mabuɗina na ɓoye a maimakon na fili. In ni da na je horo na yi haka, ina ga yaron kanti? Muka sa VeraCrypt a kan ƴar sandar ajiya, wanda Mounir Idrassi ya fara a 2013 daga tushen TrueCrypt. Shi TrueCrypt ɗin, a Mayu 2014 masu shi, waɗanda ba su taɓa bayyana sunayensu ba, suka wayi gari suka ce sun daina, kowa ya kama gabansa. Da rufaffe ne da ya mutu tare da su.

Mun ɗauka mun gama, sai Alhaji ya kawo abin da ba ni ba ƙanena ba wanda ya tuna. Ya tambaya: «To, in na manta kalmar fa, wa zai buɗe?» Ƙanena ya ce ba kowa, Baba, ko shi da ya rubuta ba ya iyawa, kuma wannan shi ne kyan abin. Alhaji ya girgiza kai ya ce: «Yaro, akwatin ƙarfe in mabuɗi ya ɓace ana kiran maƙeri. Ni na haura saba'in. Ranar da na faɗi, cikin littafin nan akwai haƙƙin marayuna da ke hannun mutane, akwai kuma haƙƙin mutane da ke hannuna, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Kana so in kwanta da nauyin wani a wuyana saboda kwaɗonka ya yi kyau da yawa?»

Ƙanena ya fara bayanin wata dabara da Adi Shamir ya wallafa a 1979, wadda ake raba mabuɗi kashi-kashi, a ce uku, yadda kowane biyu suka haɗu za su buɗe amma ɗaya shi kaɗai ba ya ganin kome. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce dabarar ta yi, amma ba ya son abin da sai an nemo ƙanena kafin a fahimce shi. Ya sa aka kawo takarda, ya zaɓi kalmomi shida da ba su da dangantaka da juna, ba sunan ɗa ba, ba shekarar haihuwa ba, ya rubuta su da ajami da hannunsa. Ya yaga takardar biyu, uku a nan uku a can, ya sa kowace cikin ambulan ya liƙe. Ɗaya ya ba uwargidansa, ɗaya ya aika wa amininsa na ƙuruciya a Tasawa, da wasiyyar kada su haɗu sai an yi mashi sutura.

Tsohon littafin mai baƙin bango kuwa bai yarda a ƙone shi ba. Yana nan cikin akwatinsa, an dai daina rubutu a ciki. Da na tashi tafiya ya ce wa ƙanena ya buɗe mashi sabon ya gani ko yana aiki. Ya buga kalmominsa shida da yatsa guda, a hankali, ya kuskure sau biyu, a na uku allon ya buɗe. Ya gyara tabarau, ya gangara har ya iso kan layina, ya ɗago ya ce: «Yana aiki, Malam. Jikka 42, tun watan azumi.»